Sulu da Safe, Hawa da Yamma

Ƙanƙara ta yi jifa da asuba,
ta daddaki kwanon ɗakina a Rikkos kamar mai bin bashi.
Ina sallame salla Izang ya kira:
"Wannan ce ta bankwana, Sallau.
In ka tsaya shan shayi, sai baɗi."

Muka goyu a babur har bayan Lamingo,
igiya a kafaɗa,
jarka guda da muka tsaga gida biyu,
da gwaten da uwarsa ta zuba mana a kula.

A gangaren Shere, inda rana ke makara,
ƙanƙarar ta kwanta a cikin ciyawa
kamar an kifar da buhun gishiri.
Gefenta ya riga ya fara kuka.
Na zauna a rabin jarka, na ɗage ƙafa,
sai tudu ya sake ni.
Iska ta cika mini baki, hula ta yi nata wuri,
ciyawa na marina dama da hagu.
Ni ne fa, mai shekara arba'in da ɗaya,
mai 'ya'ya uku da shagon fenti a Dilimi,
nake ihu har kwari yana maido mini.

Sau huɗu muka hau, sau huɗu muka sulalo.
A na biyar laka ce ta karɓe mu,
ta ci gwiwar wandona, ta bar mini shaida.
Abin da ya saura na fari a gindin wani dutse
na kwashe da tafi biyu, na ɓoye.

Dutsen hawa bai bushe ba tukuna.
Muka zauna muna shan gwate da murfin kula,
wata tsohuwa mai yankan acca ta miƙe da laujenta:
"Me kuka ajiye a sama?"
"Ba komai, Kaka."
"To me ya koro ku ƙasa?"
Ta koma yankanta ba ta jira amsa ba.

Ƙadangare ne alƙalinmu.
Da ya fito bayan azahar ya kwanta ruf da ciki,
ya gyaɗa kai sau uku,
Izang ya ce an yanke hukunci,
ya ɗaura mini igiya a ƙugu.

Yatsun da sanyi ya kashe da safe
yanzu su nake roƙo.
Tsagar dutsen tana tsiyaya a ciki,
na cusa hannu har wuyansa, na ji danshin jiya.
Dutse ba ya ba da rance:
ɗan tudu kamar ƙwayar gyaɗa,
a kansa zan ɗora nauyina duka.
Ƙafar hagu ta kama ɗinki kamar keken tela.
Jikin da ya koyi saki ɗazu
ya ƙi yarda cewa lokacin riƙo ya yi.

Daga ƙasa Izang ya ɗaga murya:
"Kada ka dube ta! Ai kun gaisa da safe!"

Saura gaba biyu in taɓa kai
hadari ya yi gyaran murya ta gabas.
Na tsaya a wata 'yar baranda da ba ta fi faranti ba,
na waiga.
Ga gangarenmu can, kore shar,
babu fari ko na magani,
sai layuka goma da jarka ta ja a ciyawa,
ɗaya ya karkace ya faɗa cikin kwazazzabo.
Wannan nawa ne.

Na ce a sassauta igiya.
Gaba biyun na bar wa baɗi.

Da magariba Ramlatu ta tare ni a zaure,
na ce, "Buɗe kula, na kawo miki tsaraba daga sama."
Ta buɗe.
Ruwa ne mai warin yakuwa,
da ɗan ganyen ciyawa yana juyi a kai.
Ta dubi ruwan, ta dubi gwiwata,
ta kwala wa uwarta kira.